Karkarar Kano Na Buƙatar Masu Nazarinta Daga Cikin Gida

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ta hanyar Bichi, ko ta Dambatta, ko ta Gezawa, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, shingen lalle ko na bini-da-zugu ne kawai ke nuna inda ta wannan ta ƙare, ta wancan ta fara. A tsakiyar gonakin ga ɗorawa, ga kuka, ga tsamiya, ga gawo, kowace bishiya da mai ita. Gidaje kuwa a warwatse suke, kowane da rumbunansa da turken awakinsa.

Wannan yanayi ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. A farkon shekarun 1960, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya koma Jami'ar Bayero, ya yi bincike a gundumar Ungogo, ya tarar ana nome fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kowace shekara, ba a barin gona ta huta. A lissafin littattafan wancan zamani, ƙasa irin wannan ta kusa mutuwa. Yau an haura shekara sittin, jama'a sun ninka, amma gero da dawa da wake suna nan suna fitowa. Binciken da aka yi kan itacen girki a Kano a shekarun 1980 ya ma nuna cewa bishiyoyin cikin gonaki ba su ƙare ba, domin manomi yana sare reshe ne, ba ya kashe uwar.

Awon ƙasa kaɗai ba zai bayyana wannan ba. Sai an san wanda ke ɗaure tumaki a turke duk damina, da wanda ke tara harawa a kan bishiya, da wanda ke kai taki gona a mangala da rani, da yadda ake raba gonar idan mai gida ya rasu. Ilimin da ke yin irin waɗannan tambayoyi shi ne nazarin ɗan Adam da al'adunsa, wato antorofoloji. Tun zamanin Franz Boas, malamin Jami'ar Kolombiya a Amurka a farkon ƙarni na 20, aka saba kasa shi gida huɗu: zamantakewa da al'ada, harshe, kayan tarihi na cikin ƙasa, da kuma jikin ɗan Adam. Abin mamaki shi ne kowane ɗaya daga cikin huɗun an yi aikinsa a ƙasar Kano, kuma mafi yawan waɗanda aka yi aikin a kansu ba su taɓa jin sakamakon ba.

Reshe na farko hanyarsa ita ce zama da mutane: mai bincike ya tare a gari, ya ci tuwonsu, ya je suna da jana'iza, ya riƙa tambaya har a daina kallonsa a matsayin baƙo. Haka Polly Hill, 'yar Ingila, ta yi a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, sannan a Dorayi kusa da Kano a 1971 zuwa 1972. Littafinta kan karkarar Kano ya fito a 1977. Abin da ta gano ya rushe zaton da ma'aikatan ofis ke yi cewa mutanen ƙauye duk ɗaya suke. A gari guda akwai mai gonaki da yawa da jakuna da rumbun da ke kai shi kaka, wanda ke sayen hatsi da araha ya sayar da bazara. Akwai kuma wanda talauci ya hana shi noma gonarsa, domin ranar da ya kamata ya yi shuka yana gonar wani yana ƙwadago don abincin dare. Ta bi diddigin gandu, inda 'ya'ya masu aure ke noma tare da mahaifinsu, shi kuma ya ciyar da su, ya ba su gayauna, ta nuna cewa gandun mai hali ne ke daɗewa, na talaka da wuri yake watsewa. Ta kuma rubuta kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida, na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da hatsi, yara suna kai talla, kasuwa ce sukutum wadda mai ƙidayar rumfuna ba zai taɓa gani ba.

Wannan ba labarin da ba ne kawai. Duk shirin rabon takin zamani ko bashin noma da aka tsara don “manoma” a dunƙule, ba tare da tambayar wa ke da gona, wa ya karɓi aro, wa ya ba da tasa jingina ba, to mai hali zai tarar a bakin layi. Wanda ya fi buƙata yana iya sayar da buhunsa tun kafin ya kai gida, kuma ba wauta ce ta sa shi ba, yunwar bazara ce.

Reshe na biyu shi ne harshe. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, shi ne daga baya ya tsara rabe-raben harsunan Afirka da aka fi amfani da shi, inda Hausa ta zauna cikin dangin harsunan Cadi, a babban gida ɗaya da Larabci da harshen Buzaye. Sai dai mai nazarin harshe a cikin al'umma bai tsaya ga asali ba. Yana lura da abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, suruki da suruka suna kauce wa juna, alhali jika yana tsokanar kakarsa yadda ya ga dama, taubasai kuma suna wasa har a bainar jama'a. Ma'aikacin da ya zo da takardar tambayoyi ya ce wa mace ta lissafa 'ya'yanta, tana iya tsallake na fari saboda kunya, shi kuma ya rubuta abin da ya ji. Ya tambayi magidanci damin gero nawa ya samu bana, amsar da zai ji sau da yawa “alhamdu lillahi” ce, domin a ƙasar da aka taɓa biyan haraji da jangali, faɗin abin da ke rumbu ba ƙaramin abu ba ne. Alƙaluman da ake tsara kasafi da su daga irin waɗannan amsoshi suke fitowa.

Haka nan manomin Minjibir ko Makoɗa yana da nasa rabe-raben ƙasa, ya san jigawa, ya san fadama, ya san fako, ya san abin da kowace ke karɓa. Malamin gona da ya fara da waɗannan sunaye ya fi saurin samun kunnen mutane a kan wanda ya fara da na littafi.

Reshe na uku yana tono ne. An samu ragowar wurin narka tama a Dutsen Dala wanda awo ya nuna ya kai wajen ƙarni na 7, wato ɗaruruwan shekaru kafin Bagauda, wanda Tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a ƙarshen ƙarni na 10. A Durɓi Ta Kusheyi ta ƙasar Katsina an tono kaburbura a 1907 da 1992, aka samu kayan ƙarfe da na ado da suka nuna hulɗa da ƙasashe masu nisa. A karkarar Kano ma, garma tana yawan tono tsingaro da kashin maƙera, ga kufai, ga tsofaffin karofi da suka cike, ga ragowar ganuwar garuruwa. Waɗannan su ne shaidar cewa yankin da matafiyi Heinrich Barth ya yaba wa saƙarsa da rininsa a 1851 ya daɗe yana haɗa noma da sana'a. Yau masu awon filoti da masu buga bulo da tifofin yashi suna share su ba tare da an ko ɗauki hoto ba. Dorayin da Polly Hill ta auna gonakinta ta riga ta zama unguwa a cikin birni, kuma Ungogo da Dawakin Tofa sun kama hanya.

Reshe na huɗu, na jikin ɗan Adam, shi ne ya fi shafar gidaje kai tsaye. A 1954 masani Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da ƙwayar sikila guda ɗaya yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A 1958 wani masani, Frank Livingstone, ya danganta yaɗuwar ƙwayar a Afirka ta Yamma da yaɗuwar noma, domin share daji da zama wuri ɗaya sun ba sauro mazauni. Aikin binciken maleriya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Garki a shekarun 1970, lokacin tana cikin Jihar Kano, ya samu kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ita. Idan masu ɗauke da ita biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da amosanin jini.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na jini. Doka ce mai kyau, amma nasararta ta rataya a kan abin da reshe na farko ya sani. A ƙauye aure ba na mutum biyu ba ne. Idan auren zumunci ne, iyaye sun yi magana tun yaran suna ƙanana. Idan sakamakon gwaji ya fito bayan an kai gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, to fasa auren ya zama ɓata zumunci, kuma mutane za su nemi takardar da za ta ba su mafita. Wanda ya san matakan neman aure zai ce a kai gwajin makarantun sakandare da na Islamiyya, tun kafin magana ta shiga hannun manya.

Akwai masu ƙyamar wannan ilimi, kuma suna da hujja. Ya shigo ƙasar nan ne a jakar Turawan mulki. A. J. N. Tremearne ya rubuta kan camfe-camfen Hausawa da bori a 1913 da 1914, C. K. Meek kuma ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne da ya tsara bayanan ƙabilun Arewa a 1925, kuma an yi amfani da irin waɗannan rubuce-rubuce wajen sauƙaƙa mulki da karɓar haraji. Wasu kuma suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka Bakano ba ya buƙatar a koya masa Kano.

Maganar gaskiya ce, amma ba ta kai ƙarshe ba. Mai ɗakin da ya sani manomi ne a Tumbau ko Kunya, kuma ba shi ke rubuta tsarin ma'aikatar gona ba. Wanda ke rubutawa sau da yawa jikan manomi ne da ya tashi a birni, yana jin ya san ƙauye saboda yana zuwa da Sallah. Abin da ya faru a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa 2004, ya isa darasi. Masu tsara shirin sun ɗauka jahilci ne. Masu nazarin al'umma irin su Maryam Yahya da Elisha Renne, da suka zauna suka saurari iyaye, sun ji wani abu daban: tunawa da gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da tambayar me ya sa ake bin gida gida da wannan ɗigo kyauta alhali maganin zazzaɓi sai da kuɗi. Sai da aka saurari waɗannan tambayoyi, aka shigo da sarakuna da malamai, sannan aiki ya tafi.

Babbar matsalar ita ce inda ilimin ya tsaya. Baba, tsohuwar da aka haifa a Karo ta ƙasar Kano, ta ba mai bincike Mary Smith tarihin rayuwarta da Hausa a 1949 zuwa 1950, littafin ya fito da Turanci a 1954, jami'o'in duniya suka yi ta karanta shi, asalin Hausarsa kuwa sai bayan shekaru masu yawa aka buga. Littattafan Hill da Mortimore da na M. G. Smith kan sarautar Kano da Turanci suke, a ɗakunan karatun da mutumin Bichi ba ya shiga.

Gyaran bai fi ƙarfin jihar ba. Jami'ar Bayero tana da sassan nazarin zamantakewa da tarihi da labarin ƙasa da harsunan Nijeriya, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen tonon kayan tarihi, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta da kwalejin ilimi a Bichi. Ana iya sa ɗaliban waɗannan makarantu su yi damina guda a ƙauyukansu suna rubuta yadda ake gado da jingina da aure da magani, su miƙa rahoton da Hausa, a ajiye kwafi a hannun dagaci. Ana iya taƙaita littattafan da aka ambata, a fassara su, a karanta su a rediyo, a bar tsofaffi su ce ga inda baƙin suka yi daidai, ga inda suka kauce. Hukumar tsara birane kuma tana iya sharɗanta cewa kafin a yanka filotai a kan kufai ko tsohuwar ganuwa, sai ma'aikatan Gidan Makama ko na Hukumar Tarihi da Al'adu sun je sun auna, sun ɗauki hoto, sun kwashe abin da za a iya kwashewa.