Kwana 14 a Kurkuku Kafin Tarbiyya

A shekarar 1854, zamanin Sarauniya Biktoriya, majalisar dokokin Birtaniya ta bai wa alƙalai ikon tura yaron da bai kai shekara 16 ba zuwa makarantar gyaran hali, ya zauna shekara biyu zuwa biyar. Sai dai dokar ta gindaya sharaɗi: dole yaron ya fara yin aƙalla kwana 14 a kurkuku. Wannan sharaɗi shi ne babban kuskuren dokar.

Kafin lokacin, ana iya gurfanar da ɗan shekara bakwai a kotu ɗaya da manya, a kuma tsare shi tare da su. Kurkukun Parkhurst, wanda aka keɓe wa yara maza a 1838, ya riƙa aika da yawansu Ostireliya ta jirgin ruwa. Mary Carpenter, wata malama a birnin Biristol, ta wallafa littafi a 1851 tana jayayya da wannan tsari, sannan ta buɗe wa 'yan mata makarantar Red Lodge a 1854. A ganinta, yaron da yunwa da rashin kulawa suka jefa cikin sata yana buƙatar gida da sana'a, kurkuku kuwa ƙara lalata shi yake yi.

Masu goyon bayan sharaɗin ma suna da hujja. Idan ɓarawo zai sami abinci da makwanci da sana'a ba tare da ya ɗanɗani hukunci ba, me za a ce wa ɗan talakan da ya kame hannunsa? Tambayar tana da nauyi, amma maganinta shi ne a kula da ɗan talakan. Mako biyu a kurkuku bai ƙare shi da komai ba, sai dai ya haɗa yaro mai laifi da gogaggun ɓarayi, ya kuma liƙa masa sunan tsohon fursuna. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Makarantun su ma ba su tsira daga zargi ba. Akwai aiki mai tsanani da bulala, a gonaki da kuma cikin jirgin Akbar da aka girke a kogin Mersey kusa da Libaful. Yaro kan yi shekaru a tsare saboda ƙaramar satar da babba zai yi 'yan makonni a kanta.

An rage kwanakin kurkukun zuwa 10 a 1866, aka bar wa alƙali zaɓi a 1893, aka soke sharaɗin a 1899. Kotunan yara sun biyo baya a 1908. Shekara 45 Birtaniya ta yi kafin ta amince cewa horon yaro ba ya buƙatar farawa da wulaƙanci. Duk ƙasar da har yau take tsare yara a ɗaki ɗaya da manyan masu laifi tana maimaita kuskuren 1854, ba tare da uzurin rashin sani ba.