Gishiri a Gonakin Rani: Jan Hankali ga Manoman Anka, Gummi da Bukkuyum

Kamar yadda aka sani, noman rani a fadamun Gulbin Zamfara yana daga cikin manyan hanyoyin da al'ummar ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum suke samun abinci da kuɗin shiga, musamman ta hanyar shinkafa, albasa da tumatir. Sai dai akwai wata matsala da take shigowa sannu a hankali, wato taruwar gishiri a ƙasar noma. Duk ruwan ban-ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri. Idan rana ta busar da ruwan, gishirin yakan tsaya a ƙasa, har a ga fari-fari kamar kanwa a bakin kunya.

Masana sun bayyana yadda wannan ke cutar da shuka. Saiwar shuka tana da ƙananan ƙofofi a jikin ƙwayoyin halittarta, waɗanda ta cikinsu take shan sinadarin fotasiyam, wato harafin K ɗin da ke jikin buhun takin NPK. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri yana kama da fotasiyam ƙwarai, don haka idan ya yi yawa sai ya kutsa ta ƙofofin, ya hana fotasiyam shiga. Shuka takan yi ƙoƙarin fitar da shi waje ko ta killace shi a wani sashe na ƙwayar halittar, amma wannan aiki yana cin ƙarfin da za ta yi girma da shi. Haka kuma gishiri yana riƙe ruwa, sai shuka ta yi yaushi alhali ƙasa tana da danshi, bakin ganyenta ya ƙone.

A nan ne manomi yakan ɗauka yunwar taki ce, ya ƙara zuba takin zamani, wanda shi ma nau'in gishiri ne, matsalar ta ƙaru. Albasa da masara ba su jure gishiri, shinkafa da tumatir suna ɗan jurewa, alkama da auduga kuwa sun fi su juriya.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2024 cewa kimanin hekta biliyan 1.4 na ƙasar duniya gishiri ya shafe su. A nan gida ma, filayen ban-ruwa na madatsar Bakalori, wadda aka kammala a 1978, sun fuskanci kwanciyar ruwa bayan magudanai sun toshe, kuma ruwan da ba ya wucewa shi ne yake tara gishiri.

Saboda haka, ana kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da su ba gyaran magudanan ruwa da gwajin ƙasa muhimmanci daidai da rabon taki da injinan ban-ruwa. Manoma kuma su riƙa yin ban-ruwa wadatacce da zai wanke gishiri zuwa ƙasa da saiwa, su bar wa ruwa hanyar fita, su yawaita takin gargajiya, kana su tuntuɓi malaman gona kafin ƙara taki a gonar da ta yi fari.

Allah Ya ba mu amfani mai albarka, amin.