In za a jera gwanayen jiya, wa zai ambaci na Suki?

Jama'a, akwai wani wasa da Amurkawa suka daɗe suna ɓata dare a kansa, wanda na ga ya kamata mu dube shi da kyau, domin yana da abin da zai faɗa mana mu da muke zaune a bakin kogin Nil Azrak, daga Suki zuwa Mai Wurno, har ƙauyukan Jazira. Ɗaya daga cikin wasannin ƙwallon da suke ji da su a can ita ce besbol, wadda ake jefo wa mutum ƙwallo ya make ta da kulki ya ruga a guje, mutum tara kowane ɓangare. To, bayan wasan fili, sai suka ƙirƙiro na zaune. Mutum goma ko sha biyu za su haɗu, kowa ya ɗauki kansa a matsayin mai kulob, a baje sunayen tsofaffin 'yan wasa na kowane zamani, rayayyu da matattu, sai a riƙa ɗauka bi da bi: kai ka ɗauki ɗaya, na kusa da kai ya ɗauki ɗaya, har kowa ya cika tawagarsa. Daga nan sai a buga gasa ta shekara guda cur, ba tare da an taɓa ƙwallo ba. A da da kati da ɗan lido ake yi, kamar wasan Strat-O-Matic da ya fito a 1961. Yanzu kuwa kwamfuta ce ke yanke hukunci.

Abin da ya sa wannan wasa yake yiwuwa shi ne alƙalami. Tun cikin ƙarni na 19 jaridun Amurka suke buga ɗan akwatin lissafi bayan kowane wasa: wane ya tsaya bugu sau nawa, ya samu sau nawa, wane ya yi jifa, wane ya yi kuskure. Saboda haka idan mutum ya ɗauki Babe Ruth na shekarar 1927, kwamfuta ta san cewa ya fitar da ƙwallo waje sau 60 a wannan kakar, kuma da wannan za ta auna shi da yaron da aka haifa bayan ya mutu. Wanda ba a rubuta nasa ba kuwa, ko da ya fi kowa iyawa, babu katinsa a kan tabarma, don haka babu mai ɗaukarsa.

Haka aka yi wa baƙaƙen fatar Amurka shekaru masu yawa. An hana su shiga babbar gasar ƙasar har sai a 1947 da Jackie Robinson ya fasa ƙofar, saboda haka suka kafa tasu gasar suna bugawa a tsakaninsu. Manyan jaridu ba su damu da su ba. Sai da wasu masu bincike suka shafe shekaru suna tonon tsofaffin jaridun baƙaƙen fata, suna tattara akwatunan lissafin nan ɗaya bayan ɗaya, kafin hukumar gasar ta amince a Disambar 2020 cewa gasannin nan guda bakwai na tsakanin 1920 da 1948 su ma manya ne. A watan Mayun 2024 aka haɗe lissafin wuri guda. Me ya faru? Wani mai suna Josh Gibson, wanda ya rasu a Janairun 1947, watanni uku kafin Robinson ya shiga fili, sai ga shi ya hau kan kowa. A cikin kowane bugu dubu yana samun 372, alhali Ty Cobb da aka shafe kusan shekara ɗari ana cewa babu kamarsa yana da 367. Mutum ya yi shekara 77 a kabari sannan aka ba shi kujerarsa.

To, mai karatu, mu dawo gida mu gwada wannan wasa da tamu ƙwallon ƙafa. Ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, muna yin sa da baki kullum a gindin mai shayi. A ce yau an ba ka dama ka jera mutum goma sha ɗaya da suka fi kowa a tarihin Sudan, wa za ka fara ɗauka?

Ƙasar tana da abin zaɓa, kada yaran yanzu su raina. A Khartum aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka a 1957, Sudan na cikin ƙasashe huɗun da suka kafa ta tare da Masar da Habasha da Afirka ta Kudu, kuma a nan aka buga gasar cin kofin Afirka ta farko. Sudan ta zo ta biyu a 1959 da 1963, sannan ta ɗauki kofin a gida a Fabrairun 1970, bayan ta fitar da Masar da ci 2 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, ta kuma doke Gana da ci ɗaya mai ban haushi, ƙwallon da Hasabu al-Sagir ya jefa. Mutanen Jazira ma sun ga rabonsu a wannan gasa, domin a Wad Madani rukuni na biyu ya yi wasanninsa, inda Masar da Gana da Gini da Kwango suka kara.

Ni dai in aka ba ni ɗaukar farko, Nasruddin Abbas Jaksa zan ɗauka, kuma na san 'yan Marikh za su ce son kai ne na ɗan Hilal. Sai Ali Gagarin, wanda aka laƙaba wa sunan Baturen Rashan nan da ya fara zuwa sararin samaniya, Allah Ya jiƙansa, ya rasu a 2025. A raga zan sa Hamid Birema, domin da shi Marikh ta ci kofin zakarun kofuna na Afirka a 1989, lokacin da ta doke Bendel United ta Nijeriya, kuma har yau babu wani kulob na Sudan da ya sake kawo kofin nahiya irin wannan gida. Hilal ta je wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka sau biyu, a 1987 da 1992, ta dawo hannu rabbana. A tsakiya Haisam Mustafa da Faisal Ajab, waɗanda da ƙafarsu Sudan ta koma gasar Afirka a 2008 bayan shekara 32 ba a gan ta ba. Na zamanin nan kuma akwai Muhammad Abdurrahman, wanda ake kira Garbal.

Lura da inda na tsaya. Mutum shida na kira, kusan dukkansu masu cin ƙwallo ne ko masu ba da ita. Ka gwada da kowace majalisa ka gani: za a yi ta jero 'yan gaba har a rasa inda za a sa su, amma da an zo 'yan baya sai a fara sosa ƙeya. Dalili kuwa shi ne ƙwallon da ta shiga raga ita kaɗai ake ƙirgawa, wanda ya hana goma shiga ba a rubuta masa komai. Baki ma yana da irin son kan da alƙalami yake da shi.

Sannan ko da an samu sunayen, da me za a auna su? Jaksa ya yi wasa a lokacin da mai tsaron gida ke kama ƙwallo da hannu in ɗan'uwansa ya mayar masa, abin da aka hana a 1992. Katin gargaɗi da jan kati ma sai a gasar duniya ta 1970 aka shigo da su. A 1976 Shugaba Numairi ya rushe kulob-kulob ɗin ƙasar na wani lokaci, wasu gwanaye suka fice waje, wasu suka ajiye takalmi. Babu kwamfutar da za ta iya lissafa abin da wannan ya cinye wa mutum daga ƙuruciyarsa. Shi ya sa idan yaro ya shiga shagon wasan bidiyo ya buɗe jerin tsofaffin gwanaye, zai ga Pele da Zidane, daga Afirka zai ga Drogba da Eto'o da Okocha, amma ba zai ga ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗaga kofi a Khartum a 1970 ba. Yaron nan ba shi da laifi idan ya tashi yana zaton ƙasarsa ba ta taɓa yin komai a ƙwallo ba. Abin da aka ajiye a gabansa shi ya gani.

In haka ta faru da 'yan Umdurman, waɗanda rediyo ya yi ta kiran sunansu, ina ga na Suki da Sinja da Mai Wurno? Kowane gari a nan yana da nasa gwanin da dattawa ke rantsuwa cewa da ya samu hanya da ya buga wa Hilal ko Marikh. Wani noman rani ya riƙe shi, wani mahaifinsa ya ce ƙwallo shiririta ce ya tura shi makarantar allo, wani kuma takardar shaidar ɗan ƙasa ce ta gagare shi, matsalar da Hausawa da Fulanin Sudan suka daɗe suna fama da ita duk da cewa kakanninsu sun sauka a nan tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'ar mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, wasu ma tun kafin nan a kan hanyar hajji. Sunayen waɗannan gwanaye suna cikin kan tsofaffi ne kawai, kuma tsofaffin suna tafiya.

A nan ne nake ganin maganar ta wuce wasa. Mun ga abin da ya faru a Damazin da Rusairis a Yulin 2022, da Wad al-Mahi a Oktoban wannan shekara, inda aka rasa ɗaruruwan rayuka, kuma tushen rigimar shi ne wa ke da ƙasa, wa ya zo daga baya. Wanda ake ce wa baƙo yana buƙatar duk wata shaida da ke nuna ya daɗe a wurin. Hoton tawagar unguwa na shekarar 1968, da sunan kowa a bayansa da sunan filin da aka buga, shaida ce irin wadda ba a musu da ita. Ba za ta hana mai mugun nufi yin abin da ya yi niyya ba, amma jikanka zai san cewa kakansa ya sa riga mai lamba ya wakilci garin nan tun kafin a haifi mai ce masa ya koma inda ya fito.

Wani zai ce, Malam, ana yaƙi kana maganar ƙwallo? Yaƙin ne ma ya sa nake yin ta yanzu. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sai a Janairun 2025 soja suka karɓe ta. Sinja da Suki sun ɗanɗana nasu a 2024. Mutane sun fita da kayan jikinsu kawai, kuma wanda ke gudun ransa ba ya tsayawa ɗaukar akwatin hotuna. Ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda ake ajiye tsofaffin faya-fayan ƙasar, ya kusa shekara yana tsakiyar wuta kafin soja su koma cikinsa a Maris na 2024. Hilal da Marikh kansu sai da suka yi gudun hijira, suka buga gasar Muritaniya a kakar 2024 zuwa 2025, daga nan suka koma ta Ruwanda. Duk da haka 'yan wasan ƙasar, a ƙarƙashin Kwesi Appiah ɗan Gana, suka lallasa Nijeriya da ci 4 da nema a gasar 'yan wasan gida a Zanzibar a Agustan 2025. 'Yan'uwanmu na Kano su yi haƙuri da tuna musu, ai su ma Kano Pillars ta zo ta sha gabanmu a rukuni ɗaya da Hilal da Marikh a 2009.

Akwai kuma masu cewa rubutu zai kashe daɗin gardama, kuma suna da 'yar gaskiya. A allon karramawar da aka yi wa Josh Gibson a 1972 an rubuta cewa ya fitar da ƙwallo waje kusan sau 800. Da masu bincike suka ƙirga na wasannin gasa da suka samu a rubuce, ba su kai 200 ba, domin sauran a wasannin yawon gari-gari ya yi su. Haka zai faru da namu. Gwanin da ake cewa ya taɓa fasa raga da shot, ko ya ci bakwai shi kaɗai a Sinnar, in aka tambayi mutum uku da suka ga wasan wataƙila bakwai ɗin su koma uku. Ni ban ga asara a nan ba. Uku da aka tabbatar za su kai ga jikoki, bakwai na baka kuwa ranar da aka binne mai ba da labarin suka ƙare. Gardamar ma ba za ta mutu ba, Amurkawa da duk lissafinsu har gobe suna musu a kan Ruth da Gibson.

Aikin ba ya buƙatar gwamnati ko wata ƙungiyar agaji. Matasan kowace unguwa suna da waya a aljihu. Su zauna da dattijon da ya taɓa riƙe kulob ko ya yi alƙalancin wasa, su ce masa: Baba, jera mana goma sha ɗayanka na garin nan, tun daga mai tsaron gida. Su naɗi muryarsa. Su tambaye shi shekara, in bai riƙe ba su tambaye shi zamanin wane shugaba ne, Abbud ko Numairi, ko shekarar wace ambaliya. Su je wurin na biyu da na uku, domin inda bakinsu ya zo ɗaya nan ne gaskiya ta fi kusa. Duk hoton da ya tsira a ɗauke shi da waya, gaba da baya, a aika wa 'yan'uwa da ke Gadarif da Port Sudan da Jidda da Kano, don kada ya zauna a wuri ɗaya. Kuma a fara tambayar 'yan baya kafin 'yan gaba.