Hanyar Burji Ba Abin Kunya Ba Ce

Shekaru ke nan da aka wayi gari a Turai da Amurka mutane masu hali, waɗanda da sun so da sun yi dukan zirga-zirgarsu cikin mota mai sanyi a kan titi mai santsi, suka ɗauki wata ɗabi'a wadda in an ba manominmu labarinta sai ya yi tsammanin ba'a ake yi masa: su sayi keke da kuɗin da ya isa sayen babur, sa'an nan su juya wa kwalta baya, su nufi hanyoyin tsakuwa masu ratsa gonaki da makiyaya, inda mutum zai yi tafiyar sa'a guda kunnensa bai ji ƙarar inji ba. Ni dai a ganina, mutanen nan ba taɓuwar hankali ke damunsu ba. Wata ni'ima suka gano bayan sun kusa rasa ta, alhali mu da take shimfiɗe a ƙofar gidajenmu ba mu ɗauke ta bakin kome ba.

Keken da suke hawa, in ka hango shi daga nesa, sai ka ce na tsere ne, domin kansa a lanƙwashe yake zuwa ƙasa. Amma in ka matso ka duba tayar, za ka ga ta fi ta keken tsere kauri, faɗinta kamar milimita 40 ko fiye, tana da ƙananan haƙora masu kama ƙasa, ba a kuma cika ta da iska tam, don ta riƙa shanye girgizar hanya kafin ta kai ga kafaɗar mahayi. Abin da ya fi ba ni sha'awa, wanda kuma duk wanda tsidau ya taɓa tilasta wa jan keke zuwa wurin mai faci zai gane darajarsa, shi ne yawancin tayoyin ba su da tub a ciki, sai wani ruwa mai danƙo da ake ɗurawa, wanda da zarar ƙaya ta huda roba sai ya taru a bakin hudar ya toshe ta, mahayi bai ko sauka daga sirdi ba.

A Amurka, a garin Emporia na jihar Kansas, mutum 34 ne suka taru a 2006 don tseren mil 200 cikin tuddan da duwatsunsu masu kaifi suke yanka taya. Yau dubbai ke zuwa, ana kiran gasar Unbound Gravel. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar zakarun duniya ta farko a wannan fanni a lardin Veneto na Italiya, kuma tun 2021 ake yin tseren kwana huɗu a yankin Masai Mara na Kenya. Amma ba tsere ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, gama masu tsere 'yan kaɗan ne, galibin mahaya kuwa neman natsuwa da lafiyar jiki ke fitar da su.

Labarin da ya cancanci a tsaya a yi tadabburi a kansa shi ne na ƙauyen Gaiole da ke ƙasar Kiyanti, a lardin Tuskani na Italiya. A can akwai tsoffin hanyoyi na farar tsakuwa masu bi ta tsakanin gonakin inabi da zaitun, waɗanda aka yi ta binne su ƙarƙashin kwalta ɗaya bayan ɗaya da sunan ci gaba, har wani mutumin wurin mai suna Giancarlo Brocci ya ga cewa in aka ci gaba da haka ba za a bar wa na baya ko ɗaya ba. A 1997 ya tara mahaya 92, suka bi hanyoyin nan a kan tsoffin kekuna na ƙarfe, suka sa wa taron suna L'Eroica. Aka ci gaba da yinsa duk watan Oktoba, da sharaɗin keken ya zama irin na dā, ƙirar 1987 ko kafin nan, har ya zama baƙi na zuwa daga ƙasashe masu nisa, suna kwana a masaukan ƙauye, suna cin abincin ƙauye, suna barin kuɗinsu a hannun mutanen ƙauye. Da mahukunta da manoma suka ga hanyar da suke jin kunyarta ita ce ke jawo musu arziki, sai ra'ayi ya juya: aka kafa alamu a kan zagaye mai kilomita 209 wanda kowa ke iya bi duk shekara, kuma tun 2007 manyan gwanayen duniya suke tsere a kan farar tsakuwar nan, su ƙare a dandalin birnin Siyena. Hikimar da ke ciki a fili take: hanyar ba ta tsira da kanta ba, mutane ne suka yi niyya suka tsaya mata.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da hujja mai ƙarfi. Zai ce wanda ya ƙoshi ne ke wasa da tsakuwa. Mu kuwa matanmu na naƙuda a bayan babur saboda rashin titi, tumatirinmu na ruɓewa a gona da damina saboda mota ta kasa shiga. Haƙiƙa duk hanyar da ke kai mara lafiya asibiti ko amfanin gona kasuwa haƙƙinta ne a zuba mata kwalta, wanda ya ce a bar ta don nishaɗin masu keke kuwa ya fifita mustahabbi a kan wajibi. Sai dai tsakanin babbar hanya da babbar hanya akwai dubban ƙananan hanyoyi waɗanda ba za su taɓa ganin kwalta ba, ba su ma bukatarta: hanyar burji mai zuwa unguwar da ke bayan rafi, da turbar 'yan makaranta, da burtalin da shanu ke bi tsakanin shinge da shinge. Waɗannan ba kwalta ke cinye su ba a wurinmu, garma ce. Kowace damina mai gona ya ƙara kunya ɗaya ta nan, maƙwabcinsa ya ƙara ɗaya ta can, har burtalin da dā garke ke wucewa a sake ya koma wanda jaki da mangala ba ya iya ratsawa, kuma kowa ya san irin fitinar da wannan ta haifar tsakanin manoma da makiyaya. Malaman fiƙihu tun tuni sun yi bayanin hurumin gari da hurumin rijiya da haƙƙin hanya, sun kuma tabbatar cewa abin da jama'a suka yi tarayya a cikin amfaninsa bai halatta mutum ɗaya ya mallake shi ba. Ashe ba sabon hukunci muke nema ba, zartar da tsoho ne ya gagare mu.

Akwai kuma wata dabara da Ingila da Sifen suka yi, ta mayar da matattun hanyoyin jirgin ƙasa hanyoyin keke da ƙafa, tun da yake an riga an daidaita su, babu hawa mai tsanani, babu mota. Ta tsakanin Bristol da Bath, mil 13, an gyara ta daga 1979 zuwa 1986, da yawan aikin ma 'yan sa kai ne suka yi. Sifen kuwa ta fara nata shirin a 1993. Mu ma muna da ƙaramar hanyar jirgin da aka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos don jigilar kuza, wadda aka rufe a 1957, kuma ba zai zama ɓata lokaci ba in gwamnatocin Kaduna da Filato suka aika masu safiyo su bi sawunta su ga abin da za a iya cetowa.

Ba na mance cewa a sassa da yawa na Zamfara da Katsina da Sakkwato shirun hanya yanzu abin tsoro ne, kuma babu mai hankalin da zai tura matasa daji da keke inda 'yan bindiga ke tare mutane. Amma birni ma bai zama mafaka ga mai keke ba: a 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, mota ce ta ture shi cikin rami a Abuja. Saboda haka a fara daga inda Allah ya bar mana zaman lafiya. Ina roƙon hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi su fita kafin saukar ruwan bana, su auna burtalai da turbobin ƙasarsu a gaban shaidu, su kafa musu duwatsun iyaka, su rubuta su a littafi. Matasanmu na gari kuma, waɗanda suka ɗauki keke alamar talauci, su kakkaɓe tsohon keken Raleigh na mahaifinsu, su sa masa taya, su je su ga ƙauyen da aka haifi kakansu.