Shari'ar Hissène Habré: An Biya Kuɗin Kotu, Diyya Fa?

Ranar 30 ga Mayu 2016, a birnin Dakar, alƙali Gberdao Gustave Kam, ɗan Burkina Faso, ya yanke wa Hissène Habré hukuncin ɗaurin rai-da-rai. Shi ne ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, kuma kwamitin binciken da ƙasarsa ta kafa ya ɗora wa gwamnatinsa alhakin rayuka kusan 40,000. Duk mai son nuna amfanin taimakon shari'a daga ƙetare, wannan hukunci yake ɗaukowa. Yana da hujja, amma ya kamata a tuna wa ya fara ɗaura ɗamarar.

Souleymane Guengueng ma'aikacin akanta ne da ya kusa mutuwa a kurkukun 'yan sandan ciki na Habré, waɗanda ake kira DDS. Da ya fito, sai ya bi waɗanda suka tsira da iyalan mamata yana rubuta abin da ya same su, ya ɓoye takardun tsawon shekaru, domin da yawa daga masu azabtarwar suna nan cikin sabuwar gwamnatin Idriss Déby. Lauyar waɗanda aka zalunta, Jacqueline Moudeina, an jefa mata gurneti a Njamena a 2001, ta yi doguwar jinya, ta dawo ta ci gaba da ƙarar. Babu kuɗin wata ƙungiya da zai sayi irin wannan taurin zuciya.

To me baƙi suka kawo? Abin da 'yan Chadi ba su da iko a kansa. A 2001 Reed Brody na ƙungiyar Human Rights Watch da abokin aikinsa suka shiga tsohon ofishin DDS, suka tarar da takardu zube a ƙasa. Da aka tantance su, aka samu sunayen mutum 1,208 da suka mutu a tsare ko aka kashe, da 12,321 da aka ci wa zarafi. Kotunan Senegal, inda Habré yake gudun hijira, sun riga sun ce ba su da hurumi, sai masu ƙara suka nufi Beljiyam, inda alƙali ya ba da sammacin kama Habré a 2005. Senegal ta yi ta jan ƙafa har Beljiyam ta maka ta a Kotun Duniya da ke Hague, wadda a Yulin 2012 ta ce ko dai a gurfanar da shi ba tare da ɓata lokaci ba, ko a miƙa shi. A shekarar ce Macky Sall ya hau mulkin Senegal, aka kafa kotu ta musamman tare da Tarayyar Afirka. Kuɗinta, sama da Yuro miliyan 8, ya fito ne daga Chadi, Tarayyar Turai, Holan, Amurka, Faransa da wasu.

Sunaye biyu na ƙarshen nan abin lura ne. Amurka da Faransa su ne suka ba Habré makamai da kuɗi lokacin da yake yaƙi da Gaddafi, a daidai shekarun da ake cusa mutane cikin wurin ninƙayar da aka rufe da siminti aka mayar kurkuku. Babu jami'insu ko ɗaya da ya tsaya gaban alƙali Kam. Haka ma Déby, wanda ya taɓa zama babban hafsan sojan Habré, bai amsa tambaya ko ɗaya ba.

Kuma hukuncin bai haifar da dimokuraɗiyya a Chadi ba. Déby ya yi shekara 30 a kan mulki har aka kashe shi a 2021, sojoji suka ɗora ɗansa Mahamat. A Oktoban 2022 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Njamena da Moundou. Lauyan waje zai iya taimakawa a kama azzalumin jiya, amma hana na yau sai da alƙalai da 'yan jarida da ƙungiyoyin cikin gida masu tsayawa da ƙafarsu, kuma gina waɗannan aiki ne na shekaru wanda masu ba da tallafi ba su cika haƙurinsa ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne diyya. A Afrilun 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin, ta ce a biya mutum 7,396 Sefa biliyan 82 ta hanyar asusun da Tarayyar Afirka za ta kula da shi. Habré ya mutu a Agustan 2021 ba a biya kowa ba. Sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara raba biliyan 10, bayan da yawa daga masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. Ƙasashen da suka biya albashin alƙalai da kuɗin jirgin shaidu su ne ya kamata su zuba wa wannan asusu, kuma waɗanda suka ɗaure wa Habré gindi su fara.