Ruwan Farko Da Shukar Masara

Kowace shekara, da zarar an yi ruwa guda mai ɗan ƙarfi a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, sai a ga mutanen Tsiga da na karkarar Bakori sun fita da sungumi da iri. Sau da yawa kuwa bayan mako biyu sai a gan su a kasuwar Funtuwa suna neman wani iri, domin na farko ya tsiro ya ƙone. Wannan hasara ana iya rage ta, in manomi ya san inda ruwan sama yake fitowa.

Ruwan da ke sauka a Tsiga asalinsa daga teku yake, watau Tekun Atlantika da ke kudu da Ikko, tafiyar fiye da mil 400. Rana takan ɗumama teku, tururi ya tashi, iskar kudu maso yamma ta kwaso shi ta yo arewa. Daga Sahara kuma ga busasshiyar iska, mai kawo hazo da hunturu. Inda su biyun nan suka gamu, nan ne bakin damina. Shi ya sa ruwa yakan fara a Ikko tun Maris, ya iso ƙasar Funtuwa cikin Mayu, Katsina da Maraɗi kuwa galibi sai Yuni.

Wani dattijo ya iya cewa, "Af, ai hadari daga gabas yake tasowa." Gaskiyarsa. Iskar teku ƙasa-ƙasa take bi, aikinta kawo laima. Can bisa kuwa akwai wata iska mai tafiya daga gabas zuwa yamma, ita ke turo hadari bayan ya haɗu.

To, bakin daminan nan ba ya tafiya sak kamar jirgin ƙasa. Yakan matso arewa, ya yi kwana biyu, iskar Sahara ta sake kora shi kudu. Ruwan farko sau da yawa leƙe ne kawai. Gero yana iya jure ƙishirwar da ke biyo baya, don haka masu binne a arewa suna da hujjarsu. Masara ba haka take ba. In ta tsaga ƙasa, sa'an nan ta yi kwana goma cikin zafin bazara babu ruwa, ta tafi ke nan, ko kuwa ta tashi a tsumbure. Irinta kuma na saye ne, wani ma bashi ya ci.

Gwajin ba shi da wuya. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a ajiye a fili, nesa da itace da indararo. In ruwan kwana biyu ko uku ya taru ya kai wajen inci guda, a je gona a tona. In laima ta kai zurfin tafin hannu, a yi shuka. In an tarad da busasshiyar ƙasa a ƙarƙashi, a dakata.

Zancen teku ba tatsuniya ba ce. Bayan farin 1973 da na 1984, masana yanayi na Ingila suka nuna a 1986 cewa shekarun da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi, damina takan yi rauni a ƙasashen bakin Sahara. Awon zafin teku yana cikin abin da hukumar NiMet ke dubawa, ta fid da hasashenta a farkon kowace shekara, har da lokacin da ake zaton damina za ta kankama a kowace ƙaramar hukuma. Wannan ba duba ba ne, ba kuwa da'awar sanin gaibu ba; kirdado ne bisa awo, yakan dace, yakan kuma kuskure.

Abin takaici, takardar takan tsaya a ofis. Ya kamata akawunan ƙaramar hukumar Bakori da malaman gona su juya ta da Hausa tun cikin Maris, a kai wa dagatai da masu unguwanni, a karanta ran kasuwa. Masu sayad da iri da taki su ma su nemi sani, gama manomin da ya yi shuka sau biyu da ƙyar yake biyan bashi da kaka.