Ciwon 'Ya Mace Na 'Ya Mace Ne, Har A Bariki

 Yau filin namu zai leƙa bariki.

A shekarar 2011 aka fara ɗaukar 'yan mata a babban kwas na makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, watau kwas ɗin da kan kai mutum ga shugabancin runduna. Kwatsam, a watan Nuwamba na 2017 jaridu suka ce majalisar ƙoli ta sojoji ta yarda a daina. Shugaban ƙasa a lokacin tsohon soja ne, marigayi Muhammadu Buhari, Ministan Tsaro kuma namu ne na Zamfara, Birgediya Janar Mansur Ɗan-Ali mai ritaya. Hedkwatar Tsaro ta musanta labarin, ƙofa kuwa ba ta rufu ba. Madalla.

Wannan gardama har a Amurka ana yin ta. A 2024 wani tsohon soja, Pete Hegseth, ya ce bai kamata mata su shiga fagen daga ba. Da aka zo tabbatar da shi a kan kujerar sakataren tsaro a 2025, Sanata Tammy Duckworth, wadda ta rasa ƙafafunta biyu a yaƙin Iraƙi a 2004, ta hana shi ƙuri'arta.

To, ina ruwanmu mu matan Anka da Gummi da Bukkuyum? Ruwanmu ne tsundum. Matar da aka ƙwato daga hannun 'yan bindiga, wa za ta iya faɗa wa abin da ya same ta a daji? Namiji? Kunya ba za ta bar ta ba. A shingen bincike kuma, wa kika fi so ya duba jikinki da kayanki? Saboda haka duk tsohon sojan da ya tuɓe kaki ya zo neman ƙuri'armu, mu tambaye shi ƙiri-ƙiri: zai bar wa 'ya'yanmu wannan ƙofa a buɗe, ko kuwa?

Amma fa mu ma iyaye da sauran aiki. Marigayiya Tolulope Arotile, mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a Nijeriya, sai da ta gama sakandare kafin ta shiga makarantar nan. Yarinyar da aka cire daga aji biyu, ina za ta kai? Ku kuma 'yan makaranta, a dage da lissafi da Turanci.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.